Taimus: saƙonnin da ke yanke wa ƙwayoyin garkuwar jiki hukuncin rai ko mutuwa

A watan Oktoba na 2025 aka bai wa masana uku, Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka da Shimon Sakaguchi na Japan, kyautar Nobel ta fannin likitanci, saboda gano ƙwayoyin da ke hana garkuwar jiki ta juyo kan mai ita. Shekara biyu kafin nan, wani nazari daga birnin Boston ya ce manyan mutanen da aka cire musu taimus sun fi takwarorinsu saurin mutuwa. Labaran biyu sun ambaci wani ɗan sashe na jiki da yawancin mutane ba su san suna ɗauke da shi ba, sun kuma bar jama'a da tambaya. In aikin garkuwa kisan cuta ne, me ya kawo kyauta ga waɗanda suka gano masu taka mata birki? In taimus tun ana yara yake fara motsewa, me zai sa cire shi ya cutar da dattijo? A Jos, inda kemis-kemis daga Terminus zuwa titin Bauchi ke jere da kwalaben "ƙara ƙarfin garkuwar jiki", wannan magana ta wuce ajin ɗaliban likitanci.

Mene ne taimus?

Yana kwance ne a bayan ƙashin ƙirji, gaban zuciya, ɓari biyu manne da juna. Ba shi ne tayirod ba, wato halittar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci yana feɗe ɗan maraƙi zai iya tuna wani nama fari-fari mai laushi, curi-curi, da ya taso daga gaban zuciya ya hau wuya. Shi ne. A tsohuwar saniya kuwa da kyar a same shi, sai kitse. Haka yake ga ɗan Adam: babba ne a jikin jariri in aka kwatanta da girman jikin, nauyinsa ya kan kai giram 30 zuwa 40 wajen balaga, daga nan kitse ya riƙa maye gurbinsa.

Likitoci sun daɗe ba su san amfaninsa ba. A farkon rabin ƙarni na 20, a Amurka, an yi ta haska wa jarirai hasken X-ray a ƙirji don a rage "kumburarren" taimus, alhali lafiyarsa ƙalau, kuma wasu daga cikin yaran suka kamu da sankarar tayirod bayan shekaru. Sai a 1961 Jacques Miller, wani matashin likita da ya tashi a Ostareliya yake bincike a Landan, ya cire taimus daga jikin ɓerayen da aka haifa a ranar. Suka rame, cututtuka suka yi musu rubdugu, har fatar wani ɓera da aka dasa musu jikinsu bai ƙi ta ba. A nan aka gane cewa a cikinsa ne wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini ke kammaluwa. Su ake kira ƙwayoyin T.

Ita ƙwayar halitta ba ta gani, ba ta ji. A fatarta akwai wasu furotin da za a iya kira makarɓa. Idan sinadarin da ya dace da makarɓi ya manne masa, sai makarɓin ya tada jerin sinadarai a cikin ƙwayar, wannan ya taɓa wancan, har zance ya isa cibiyarta, inda za a buɗe wasu ƙwayoyin gado a rufe wasu. Abin da ake nufi da saƙo ke nan a duk wannan bayani.

Saƙonnin farko

A ɓargo ake haifar dukkan ƙwayoyin jini. Wadda za ta zama T ta kan fito ba tare da ta san makomarta ba, ta bi jini har wasu sinadarai da taimus ke fitarwa su janyo ta ciki. Saƙo na farko da take karɓa shi ne ta makarɓin da ake kira Notch1, wanda ke haɗuwa da abokinsa DLL4 a jikin ƙwayoyin bangon taimus. Ma'anarsa ɗaya ce: daga yau ke T ce. A 1999 masana a Suwizalan suka kashe Notch1 a jikin ɓeraye, sai ga ƙwayoyin B, masu yin sinadaran kariya, suna tsirowa a cikin taimus inda ba muhallinsu ba. Saƙon kuma dole ya mutu idan ya gama aikinsa. A 2004 aka gano cewa fiye da rabin masu sankarar jini irin ta ƙwayoyin T, wadda ta fi kama yara da matasa, suna da Notch1 da ya maƙale a kunne.

Saƙo na biyu shi ne IL-7, mai cewa ki rayu, ki hayayyafa. Yaron nan David Vetter na jihar Texas, wanda aka haifa a 1971 ya rayu cikin tantin roba har dab da rasuwarsa a 1984, lalurarsa ita ce wani ɓangare na makarɓin wannan saƙo ya zo a lalace. Taimus ɗinsa bai iya fitar da ƙwayoyin T ba.

Daga nan kowace ƙwaya za ta ƙera makarɓinta na gane abokin gaba. Wasu furotin biyu, RAG1 da RAG2, su ke yanka ƙwayoyin gado su sake haɗa su barkatai, ta yadda kusan kowace ƙwaya ta fito da makarɓin da babu mai irinsa. Da wannan ne jiki ke iya gane cutar da bai taɓa haɗuwa da ita ba. Sai dai abin da aka haɗa da ka, yawancinsa ba zai yi amfani ba, wani kuma hanta ko ƙodar mai jikin zai ɗauka a matsayin abokiyar gaba. Tantance waɗannan shi ne babban aikin taimus.

Ƙarfin saƙo

Ƙwayar T ba ta ganin ƙwayar cuta kai tsaye. Ƙwayoyin jiki suna da wani furotin mai suna MHC, wanda ke ɗauko gutsattsarin abin da ke cikinsu ya baje a waje. Shi ne ake dubawa ko ya dace kafin dashen ƙoda ko ɓargo. Rolf Zinkernagel da Peter Doherty ne suka nuna a 1974 cewa ƙwayar T sai ta kan MHC ɗin mai jikin take gane cuta, suka kuma sami Nobel a 1996. To, a cikin taimus babu ƙwayar cuta. Gutsattsarin jikin mutum kansa ake bajewa, da su ake gwada kowace sabuwar ƙwaya.

Abin ya yi kama da musabaha. Wanda ya miƙo hannu saɓal-saɓal, ko bai iya kama naka ba sam, ba a gaisa ba. Wanda ya damƙe ya murɗe har ƙashi ya yi ƙara, ba gaisuwa ta kawo shi ba. Wanda ya riƙe daidai shi ake cewa bismilla. Ƙwayar da makarɓinta bai kama MHC ba ba ta samun saƙon komai, kuma cikin kwana 3 zuwa 4 ta mutu don rashin kulawa. Mafi yawansu nan suke ƙarewa. Wadda ta kama a hankali ta sami saƙon rayuwa. Wadda ta damƙe da ƙarfi, saƙon ya kunna wani furotin mai suna Bim, shi kuma ya sa ta kashe kanta. A jikin matashin ɓera ana samar da sabbin ƙwayoyi wajen miliyan 50 kowace rana a taimus, amma miliyan 1 zuwa 2 ne kawai ke fita da rai.

Abin lura shi ne makarɓi ɗaya ne, kuma hanyar da saƙon ke bi ɗaya ce: furotin Lck ya tada ZAP-70, shi kuma ya tada LAT, daga nan zance ya rarrabu. Babu wata hanya ta musamman mai ɗauke da "rayu" da wata mai ɗauke da "mutu". Ƙarfin riƙon da tsawon lokacinsa ne ke bambanta hukunci. Riƙo mai sauƙi ya kan haifar da saƙo ƙasa-ƙasa mai ɗorewa, riƙo mai ƙarfi kuma ya haifar da saƙo mai tashi farat ɗaya. Gwaje-gwaje sun nuna tazarar da ke tsakanin riƙon da ke rayarwa da wanda ke kashewa ƴar ƙarama ce ainun.

Wani misali daga ɗakin binciken Sakaguchi ya nuna inda gizo ke saƙar. A 2003 suka bayyana wasu ɓeraye masu ɗan lahani a ZAP-70, wanda ya sa saƙonsu ya yi rauni. Mai hankali zai zaci garkuwarsu za ta yi sanyi ne kawai. Sai ga su da amosanin gaɓoɓi irin wanda garkuwa ke haddasawa. Dalili kuwa, tun da ma'aunin ya karkace, ƙwayar da ta damƙe da ƙarfi sai aka ji ta kamar mai riƙo daidai, aka sake ta ta fita. Raunin saƙo ya haifar da garkuwa mai faɗa da jiki. Shi ya sa masana fannin ba su cika maganar "ƙarfin" garkuwa ba. Daidaito suke dubawa.

Yadda taimus ke sanin hanta da ido

A nan akwai matsala. Taimus na ƙirji, ta yaya zai gwada ƙwaya da insulin, wanda can ƙasa a cikin cikin mutum ake yin sa, ko da furotin ɗin ƙwayar ido? Amsar ita ce wata ƙwayar gado mai suna AIRE, da aka gano a 1997, aka kuma fahimci aikinta a 2002. Ita ke sa ƙwayoyin tsakiyar taimus su riƙa yin ɗan kaɗan-kaɗan na dubban furotin na sassan jiki daban-daban, don sabbin ƙwayoyin T su gamu da su tun kafin su fita. Waɗanda aka haifa da AIRE a lalace su kan yi fama da farar fumfuna a baki da farce, garkuwarsu kuma ta cinye halittun da ke daidaita kalsiyam da gishirin jiki.

Duk da haka tantancewar ba ta cika ɗari bisa ɗari. A jinin kowane lafiyayye akwai ƙwayoyin T da za su iya far wa jikinsa. Nan ne aikin da ya ci Nobel ya shigo. Tun 1969 masana a Japan suka lura cewa in aka cire wa ɓera taimus a kwana na uku da haihuwa, ba a ranar farko ba, maimakon garkuwarsa ta mutu sai ta haukace ta kama cin sassan jikinsa. Sakaguchi ya bi diddigin wannan har 1995, lokacin da ya nuna akwai wasu ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda ke fara fitowa daga taimus ɗin ɓera a daidai waɗannan kwanaki. A 2001 Brunkow da Ramsdell suka gano ƙwayar gadon Foxp3, wadda lalacewarta ke haddasa mummunar cuta ga ɓeraye da jarirai maza, a 2003 kuma Sakaguchi ya nuna ita ce ke mulkin masu tsawatarwar. Yawancinsu daga cikin masu riƙo da ɗan ƙarfi ake zaɓo su, waɗanda ke dab da iyakar mutuwa, tare da taimakon wani saƙo mai suna IL-2. Aikinsu a waje suke yi, cikin jini da gaɓoɓi, amma asalin mafi yawansu taimus ne.

CD4 ko CD8: inda masana suka saɓa

Akwai lokacin da kowace ƙwaya ke ɗauke da alamomi biyu, CD4 da CD8, kafin ta ajiye ɗaya. Mai CD4 ta zama mai ba da umarni ga sauran, mai CD8 ta zama mai kashe ƙwayar jikin da cuta ta shiga. An yi shekaru ana jayayya kan yadda ake wannan zaɓi. Wasu suka ce umarni ne: CD4 na kawo saƙo mai ƙarfi, CD8 mai rauni, ƙwayar ta karanta ta bi. Wasu suka ce da ka ake yi: ƙwayar ta yar da ɗaya, in ta yi daidai ta rayu, in ta kuskure ta mutu. Ra'ayi na uku, na Alfred Singer na cibiyar binciken lafiya ta Amurka, ya ce tsawon musabahar ake dubawa. Kowace ƙwaya ta kan fara rage CD8. In saƙo ya ci gaba duk da haka, ta kunna ƙwayar gadon ThPOK ta zama CD4. In ya yanke, sai saƙonni irin su IL-7 su samu shiga, ta kunna ƙwayar gadon Runx3 ta koma CD8. Hujjoji sun fi rinjaya ga na ukun, ko da yake bai kore tasirin ƙarfin saƙo ba. Ra'ayin yi-da-ka shi ne ya fi rasa magoya baya.

Fita kuwa ba ta da wani dogon zance: wadda ta tsira ta kunna makarɓin wani sinadari mai suna S1P da ke da yawa a jini, ta bi shi ta fice.

Tamowa da ƙanjamau

A ƙasashe irin namu, babban abin da ke lalata taimus yunwa ce. Yaro mai tamowa taimus ɗinsa ya kan motse ƙwarai. Sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin wahala, yana kashe ƙwayoyin da ke tsakiyar tantancewa, ƙarancin zinc kuma ya ƙara dagula lamarin. A Gine-Bisau an gano cewa jariran da aka haifa da ƙaramin taimus sun fi mutuwa a farkon rayuwa. A Gambiya an ga taimus ɗin jarirai ya fi ƙanƙanta a watannin yunwa na damina, nonon iyayensu ma IL-7 ɗinsa ya ragu a lokacin. Waɗannan nazarce-nazarce alaƙa suka nuna, ba su tabbatar da cewa ƙanƙantar ce kaɗai sanadi ba, amma duk wanda ya san yadda rumbu ke yin ƙasa tsakanin marka da kaka a ƙauyukan Filato ya san ba labarin nesa ba ne. Taimus na farfaɗowa idan yaro ya samu abinci, sai dai bincike a Bolibiya ya nuna nauyin jiki na riga shi dawowa. Yaron da ya murmure da abincin gyaɗa na leda, kumatu suka ciko, garkuwarsa tana baya tukuna, don haka komawa awo bayan sallama ba ɓata lokaci ba ne.

Magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke ɗauke da dezametason, aikin kotisol suke yi, da ƙarfin da ya ninka nasa. Bai wa yaro irinsu don ya yi ɓul-ɓul daidai yake da tura wa taimus ɗinsa saƙon kisa.

Lambar CD4 da masu karɓar maganin ƙanjamau a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da sauran cibiyoyi ke gani a takardar gwaji, ƙidayar waɗannan ƙwayoyi ce. Lafiyayyen babba na da 500 zuwa 1,500 a ɗigon jinin da ake aunawa. Ƙasa da 200 cuta ta yi nisa. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya. Ƙwayar cutar na kashe masu CD4 a jini, tana kuma rage abin da taimus ke fitarwa, kuma tun 1998 aka nuna fitarwar na ƙaruwa bayan fara magani. Shi ya sa lambar yaro ta kan tashi da sauri, ta dattijo ta hau a hankali ko da yana shan maganinsa a kan kari. Jinkirin hawan ba lallai ne ya nuna magani ya gaza ba; gwajin yawan ƙwayar cutar a jini ne ke faɗin haka.

A cire ko a bari?

Nazarin Boston na 2023 ya kwatanta mutum 1,146 da aka cire musu taimus da wasu 1,146 da aka yi wa aikin ƙirji aka bar musu nasu. Cikin shekara 5, kashi 8.1 cikin ɗari na rukunin farko sun rasu, a na biyu kashi 2.8, sankara ta kama kashi 7.4 a na farko, 3.7 a na biyu. Masu nazarin suka ce ko motsattsen taimus na aiki. Masu ja da su suka ce ba a raba marasa lafiyar da ƙuri'a ba, kuma wanda aka cire wa taimus galibi yana da ƙari ko wata cuta tun farko. Suna kuma kafa hujja da binciken 2012 da ya nuna cewa a jikin babban mutum, saɓanin ɓera, yawancin sabbin ƙwayoyin T daga rarrabuwar tsofaffi suke samuwa. Abin da ɓangarorin ba su saɓa a kai ba shi ne mai ƙari a taimus a cire masa, haka ma da yawa daga masu cutar raunin tsoka da ke sa fatar ido zubowa, wadda gwajin 2016 a kan mutum 126 ya nuna cirewar na sauƙaƙa ta. Jayayyar a kan lafiyayyen taimus ne da likita ya tarar a hanyarsa lokacin aikin zuciya.

Batun maido da shi yarinta kuwa, gwajin da aka fi yaɗawa, na 2019, maza 9 ne kacal, ba kuma tare da rukunin kwatance ba. Babu gamsasshiyar hujjar cewa wata kwalba a kemis na yin wannan aiki.

Jarirai

Lokacin sanyin Disamba a Jos, ana yawan yi wa jarirai masu tari hoton ƙirji. Uwa ta ɗaga hoton ga hasken taga, ta ga wani fari mai kusurwa uku a gefen zuciya, ta ce, "Likita, wannan fa? Ba ƙari ba ne?" Sau da yawa amsar ita ce, "Kwantar da hankalinki, Hajiya, taimus ɗinsa ne." Rashin ganinsa a jariri mai yawan ciwo ya fi sa likita tunani.

Jariran da ake haifa ba ƙwayoyin T ba su da yawa. A Amurka an samu kusan 1 cikin 58,000. Wasu nau'o'in sai uwa da uba duk suna ɗauke da lahanin, shi ya sa aka fi ganinsu inda auren zumunci ya yawaita. A Amurka, tun daga jihar Wisconsin a 2008 har dukkan jihohi a 2018, ana ɗigar jinin diddigen kowane jariri a nemi ragowar yanke-yanken RAG, shaidar cewa taimus na aiki. A nan kuwa allurar BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna na farko, waɗanda ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, tun haihuwa ake bayarwa. Ga kusan kowane jariri kariya ce da ba a wasa da ita. Ga ɗan ƙalilan ɗin nan haɗari ce. Iyalin da suka taɓa rasa jarirai a jere da gudawa, ciwon huhu da farin baki da ba ya jin magani, ya kamata su faɗa wa ma'aikatan asibiti tun lokacin awon ciki. Dashen ɓargo kafin jariri ya kai wata uku da rabi ya ceci kashi 94 cikin ɗari a wani babban nazari na 2014, kuma an fara dashen ɓargo a Najeriya a Benin a 2011, don masu sikila. Matakin farko na zargi bai buƙatar na'ura ta musamman: gwajin ƙidayar jini na yau da kullum ya isa, muddin aka karanta shi da ma'aunin jarirai. Ƙwayoyin limfosait, wato rukunin fararen ƙwayoyin jini da T ke cikinsu, 2,000 daidai ne ga babba, amma ga ɗan wata biyu sun yi kaɗan sosai.